Karatun jami'a ta intanet: abin da waya ke iya ɗauka da abin da ba ta iyawa

A watan Afrilun 2020, makonni kaɗan bayan an rufe makarantun Najeriya saboda annobar korona, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci shugabannin jami'o'i da kwalejoji su mayar da karatu kan intanet. Umarnin ya tarar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, tana cikin yajin aikin da ta shiga tun watan Maris, wanda ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu suka koma Zoom da Google Classroom, suka ƙarasa zangonsu, har suka yi jarrabawa. Ɗaliban jami'o'in gwamnati kuwa, waɗanda su ne mafiya yawa, suka yi zaman gida na kusan shekara guda.

Tun daga lokacin mutane suka rabu gida biyu a kan maganar. Wasu na ganin intanet ce za ta warware matsalar ƙarancin gurbi: kowace shekara kusan mutum miliyan biyu ke rubuta jarrabawar JAMB, kuma mafi yawansu ba sa samun shiga jami'a a wannan shekarar. Me zai hana a ɗauki lakca a bidiyo, kowa ya kalla daga ɗakinsa? Wasu kuma sun yanke hukunci cewa karatun waya ba karatu ba ne, sayen takarda ne kawai. A ganina duk ɓangarorin biyu suna haɗa abubuwan da ya kamata a rarrabe. Idan aka ce jami'a tana koyarwa, ayyuka da dama ne aka dunƙule, kuma ba dukkansu ne ke shiga waya cikin sauƙi ɗaya ba.

Aikin da kowa ya fi gani shi ne lakca: malami ya tsaya ya yi bayani, ɗalibi ya rubuta. Wannan yana shiga intanet ba tare da wata asara ba, sau da yawa ma ya fi kyau a can. Duk wanda ya taɓa zama a darasin gama-gari na ajin farko a manyan jami'o'inmu ya san yadda ake yi. Ɗalibai ɗaruruwa, wani lokaci sama da dubu, a zaure guda. Wasu a tsaye, wasu a bakin taga, lasifika tana yi tana ɗaukewa, na baya ba ya jin komai sai ya ari littafin na gaba ya kwafa. Bidiyo na minti ashirin da aka tsara da kyau ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ɗalibi zai tsayar da shi, ya mayar baya, ya sake ji har sau uku. Ga yaron da ya taso da Hausa, wanda Turancin malami ke wuce shi da sauri, wannan damar ta maimaitawa ba ƙaramin abu ba ce. A nan masu goyon bayan intanet suna da gaskiya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Lakca ita ce ɓangare mafi araha a karatun jami'a, kuma duniya ta riga ta gwada abin da ke faruwa idan aka raba ta ita kaɗai. A 2011 wasu masana biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford ga duk mai so, kyauta. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista daga ƙasashe kusan 190. A shekarar da ta biyo baya aka ƙaddamar da dandalin darussan intanet na Coursera da Udacity, jami'o'in MIT da Harvard kuma suka haɗa kai suka kafa edX. An yi ta cewa kwanan jami'a mai gini ya kusa ƙarewa. Sai dai ko a wancan darasin na farko, kimanin 23,000 ne suka kai ƙarshe. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, wanda ya bi diddigin darussan MIT da Harvard a edX, ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 na masu rajista ne suka kammala. Kuma waɗanda suka fi kammalawa su ne waɗanda dama suna da ilimi mai zurfi, daga ƙasashe masu arziki.

Gwajin da ya fi kama da halinmu shi ne na Jami'ar San Jose da ke jihar Kalifoniya a Amurka. A 2013 ta haɗa gwiwa da Udacity don koyar da lissafi da ƙididdiga na matakin farko ta intanet, har da ɗalibai masu rauni waɗanda ake son a tallafa wa. Fiye da rabinsu suka faɗi, aka dakatar da shirin cikin 'yan watanni. Wato mutanen da aka yi abin dominsu su ne suka fi shan wahala a cikinsa. A 2021 aka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, a 2024 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi ya yi masa katutu.

Me ya ɓace? Mutumin da zai duba aikinka. Wannan abu ne da tsarin karatunmu na gargajiya ya daɗe da ganewa. A makarantar allo ba a barin yaro da allonsa kawai. Malam zai biya masa, ya koma ya yi ta nanatawa, ya dawo ya karanta a gaban malam, a gyara masa inda ya karkace, sannan a ce ya wanke. A karatun zaure ma haka ne, littafin yana kasuwa kowa zai iya saye, amma a gaban malami ake ɗaukarsa baƙi bayan baƙi. Har karatu daga nesa mun taɓa yi ta wannan hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin koyarwa don matan karkara da ba za su iya zuwa gabanta kullum ba, amma ba ta tsaya ga aika waƙoƙin ba. Ta naɗa jajoji, mata dattijai da ta horar, su ne ke jagorantar 'Yan Taru, wato ƙungiyoyin matan masu neman karatu, su karɓi karatu su kai ƙauyuka su koyar, su dawo da tambayoyi. Saƙon yana tafiya nesa, amma a ƙarshen tafiyar akwai mutum mai rai da ya san ɗalibar da sunanta.

Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, ta shahara da darussan da BBC ta riƙa watsawa a rediyo da talabijin. Amma ginshiƙinta shi ne dubban malamai na wucin gadi, kowanne da ƙaramin rukuni na ɗalibai, yana karanta rubutunsu yana mayar musu da sharhi. Ga masu karatun kimiyya har akwatin kayan gwaji aka riƙa aika musu gida, a kuma tara su a harabar wata jami'a lokacin hutu. A zamanin intanet ma misalin da ya yi nasara haka yake. Jami'ar Georgia Tech ta fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014, a kan kuɗin da bai kai dala 7,000 ba, kuma dubban mutane sun kammala. Ta yi hakan ne da tarin mataimakan malamai masu duba aiki da amsa tambayoyi, kuma ɗalibanta manya ne masu digiri na farko da suka riga suka san yadda ake karatu.

Nan ne lissafin araha ke rushewa. Bidiyo ɗaya zai ishi mutum goma, zai ishi mutum dubu ɗari, kuɗinsa bai canza ba. Duba rubutun ɗalibi kuwa, duk ɗalibin da aka ƙara sai an ƙara lokacin wani malami. Duk jami'ar da ta ce za ta ninka ɗalibanta sau goma ta intanet ba tare da ta ƙara masu duba aiki ba, to wannan aikin ne ta yanke, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin mulkin mallaka akawuna da malaman makaranta ke karatu ta gidan waya da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, suna neman shaidar Jami'ar Landan. A 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, aka kafa Cibiyar Horas da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, wadda ta ɗaga darajar dubban malaman firamare ta hanyar littattafai da haɗuwar ƙarshen mako ba tare da sun bar ajinsu ba. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 Obasanjo ya farfaɗo da ita da sunan da aka sani yanzu, NOUN. Shi kansa daga baya ya zama ɗalibinta, har ya yi digirin digirgir a ilimin tauhidin Kirista. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Maiduguri da wasu su ma suna da cibiyoyin karatu daga nesa, kuma a 2023 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba da lasisi ga buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu, ciki har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Ya kamata a faɗi alherin NOUN a fili, domin ana yawan raina ta. Tana da cibiyoyin karatu sama da ɗari a faɗin ƙasa, har a barikokin jami'an tsaro da gidajen gyaran hali, inda fursunoni ke karatu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Yajin aikin ASUU ba ya tsayar da ita, ko na 2020 ko na wata takwas da aka yi a 2022. Littattafan darussanta suna shafinta kyauta, kuma ɗaliban sauran jami'o'i da yawa da su suke bita. Ɗan sandan da ake yi wa canjin wurin aiki kowane lokaci, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ba zai rufe shago shekara huɗu ba, matar aure mai 'ya'ya uku da aka katse wa karatu bayan sakandare: waɗannan ba su da wata ƙofar sai irin wannan. Ta ƙarshen ta fi damuna, domin a Arewa irinta ba su ƙirguwa, kuma da yawan mazajen da ba za su yarda matansu su tare a ɗakin kwanan ɗalibai a wani gari ba, za su yarda da karatun da ake yi a gida a je cibiya lokacin jarrabawa.

Raunin kuma yana daidai inda bayanin baya ya nuna. Yawancin aikin gwaji na cikin zango tambayoyi ne na zaɓi-ɗaya da kwamfuta ke yi wa maki. Kwamfuta za ta gaya maka ka ci bakwai cikin goma, ba za ta gaya maka cewa hujjarka ta rushe a sakin layi na biyu ba, kuma ba za ta koya maka rubuta shafi uku masu ma'ana ba. Ɗalibi zai iya shafe zango bai yi magana da wanda ya san darasin ba. Sannan duk inda aka ce ɗalibi ya yi aikin gwaji daga nesa ba mai kallonsa, sai an sami masu shagon kwamfuta da ke yi wa mutane a biya su. Wannan ba matsalar jami'a ɗaya ba ce, matsalar tsarin ce a ko'ina.

Wannan ya kawo mu ga aiki na gaba da jami'a ke yi, wato shaida. Digiri alkawari ne da jami'a ke yi wa wanda bai san ka ba, cewa ta gwada ka ta tabbatar. Idan mutane suka daina yarda da alkawarin, takardar ta zama banza ko da kai ka yi karatun tsakani da Allah. Shi ya sa aka daɗe ana kai ruwa rana a kan waɗanda suka karanta shari'a a NOUN, waɗanda Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙi bari su shiga makarantar horas da lauyoyi sai bayan shekaru da aka buɗe musu wata hanya ta musamman, da kuma batun bautar ƙasa, inda aka riƙa ba ɗalibanta takardar keɓewa maimakon kaki. A ƙarshen 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran dokar jami'ar don daidaita matsayinta da sauran. Amma doka ba ta sauya zuciyar mai ɗaukar aiki a rana ɗaya. Abin da ya faru a ƙarshen 2023 ya ƙara dagula lamarin: ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Wannan ba karatun intanet ba ne, cinikin takarda ne, amma a idon jama'a duk digirin da ba a ga mai shi yana zuwa aji ba ya shiga zargi.

Tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, a ƙarshen 2022 kuwa, aikin gida da ake rubutawa a turo ya rasa kusan duk ƙimarsa a matsayin awo. Abin da ya rage shi ne jarrabawa a zaure, da katin shaida da mai sa ido, ko kuma a zaunar da ɗalibi a yi masa tambayoyi baki da baki a kan abin da ya ce shi ya rubuta. Duka biyun suna buƙatar gini da ma'aikata. Ƙasar Senegal ta fahimci haka tun da ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda yanzu ake kira da sunan Cheikh Hamidou Kane: ta gina cibiyoyi a garuruwa daban-daban, masu wuta da intanet, inda ɗalibai ke haɗuwa su yi karatu su rubuta jarrabawa.

Maganar wuta da sabis kowa ya san ta, amma a Arewa tana da wani nauyi na daban. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wuraren har tsawon watanni. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe sama da mako ba wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Awa ɗaya ta darasin bidiyo kai tsaye na iya cinye rabin giga ko fiye. Ɗalibi mai kwas takwas a zango, a lissafa masa. Saboda haka duk tsarin da ya dogara da cewa kowa ya hau Zoom ƙarfe goma na safe, an gina shi ne don ɗan Abuja da Legas. Abin da ya dace da mu shi ne wanda za a sauke sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba data: rubutu mai sauƙin buɗewa a ƙaramar waya, muryar malami da aka naɗa, gajeren bidiyo mara nauyi, da wa'adin miƙa aiki na kwanaki ba na awanni ba. Malamai da yawa sun gano haka da kansu lokacin korona, suka koma tura saƙon murya a WhatsApp da Telegram, kuma ya fi manyan manhajojin isa ga ɗalibai.

Malaman su kansu ba a cika tambayarsu ba. Shirya kwas na intanet mai kyau aikin watanni ne, ba ɗora tsohon handawut a shafi ba ne. Sai an yanka darasin gunduwa-gunduwa, a rubuta tambayoyin gwaji masu yawa, a naɗi murya, a gyara, sannan a zauna kullum ana amsa saƙonni. Lakcaran da ke koyar da kwas biyar, yana duba kundin ɗalibai ashirin, yana sayen data da man janareta daga albashinsa, idan aka ɗora masa wannan ba tare da an rage masa wani nauyi ko an biya shi ba, abin da zai fito ba zai yi kyau ba, kuma ba laifinsa ba ne. Akwai kuma tambayar da ke sa wasu ɗari-ɗari: idan na naɗi lakcata, ta wa ce? Jami'a za ta ci gaba da amfani da ita bayan na yi ritaya ko ina yajin aiki? Tsoron yana da tushe, kuma sai an rubuta amsarsa a yarjejeniya kafin a sa ran haɗin kai.

Wasu fannonin kuma ba sa tafiya nesa sai da rabi. Ana iya koyon lissafin kuɗi, gudanarwa, tarihi, harsuna da rubuta manhajar kwamfuta daga gida. Ba a koyon ɗaura ƙarin ruwa, ko awon ƙasa, ko haɗa sinadarai, sai da hannu. Shi ya sa digirin jinya daga nesa ya fi ma'ana ga wadda ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya tana aiki a asibiti.

Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne yaro ɗan shekara sha bakwai ko sha takwas da ya gama sakandare, bai sami gurbi ba, aka ce ya zauna a gida ya yi digiri a waya. Bai taɓa tsara wa kansa lokacin karatu ba, Turancinsa bai zauna ba, a gida kuma aike da hidima ba sa ƙarewa domin kowa na ganin yana zaune ne. Abin da zaman jami'a ke ba irinsa ya wuce lakca: abokin da zai tashe shi karatun dare, musu da ɗan wani yanki da wani addini, malamin da zai lura ya daina zuwa aji. Idan za a tura irin waɗannan yaran karatu daga nesa, kuma ƙarancin gurbi zai tilasta a tura da yawansu, to shekarar farko aƙalla tana buƙatar haɗuwa ido da ido kowane mako a cibiya ta kusa. Gine-ginen ma akwai su: kwalejojin ilimi, sakandaren da ke zama fanko ranar Asabar, da ɗaruruwan cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da aka buɗe tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, waɗanda da yawansu ba su da wani aiki mai yawa bayan lokacin jarrabawa.

Ga wanda ke shirin biyan kuɗi yanzu, ya fara duba jerin NUC ya ga ko jami'ar tana ciki, ya kuma tabbatar an amince mata ta koyar da wannan kwas ɗin daga nesa, domin amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Idan fannin yana da hukumar ƙwararru, kamar jinya ko shari'a ko injiniya, ya tambayi hukumar kai tsaye kafin ya tambayi jami'ar. Sannan ya nemi ɗalibin da ke aji biyu ko uku a can ya tambaye shi abu uku: a ina kuke rubuta jarrabawa, wa ke duba rubutunku, kuma in ka tura tambaya kwana nawa ake yi kafin a ba ka amsa.